Yadda ake sauya likita a Maraɗi yayin shirin tiyatar rage ƙiba

Likitan da zai yi wa mutum tiyatar rage ƙiba yakan riƙe shi kwanaki kaɗan ne kawai, musamman idan a Tunisiya, Turkiyya, Masar ko Indiya za a yi aikin. Wanda zai ci gaba da bin lafiyarsa shekara da shekaru, ya duba jininsa, ya rage masa maganin suga da na hawan jini yayin da nauyi ke sauka, shi ne likitan gida da ke nan Maraɗi. Saboda haka sauya wannan likita ana tsakiyar shiri al'amari ne da ke buƙatar tsari, ko da kuwa ba mutum ne ya zaɓi sauyin ba. A nan kuwa sau da yawa ba zaɓi ba ne: likitan gwamnati ana iya ɗauke shi daga Maraɗi a kai shi Tawa ko Difa, wani ya tafi ƙarin karatu na shekaru, wani kuma ya koma Yamai ya buɗe nasa kilinik.

Matakin farko shi ne ka tantance dalilinka, ka kuma dubi lokacin da ya rage kafin ranar aiki. Idan likitanka yana nan kuma yana sauraronka, kada ka bar shi don kawai an yaba maka wani a wurin biki. Dalilai masu ƙarfi su ne ya bar gari, ko ya ƙi tattauna maganar tiyatar gaba ɗaya ba tare da ya bayyana hujjarsa ba, ko ba ya rubuta komai a karnenka, wato littafin lafiyarka, ko kuma mace ta ga ta fi sakewa a gaban likita mace. Amma a bambanta likitan da ya raina maganar da likitan da ya ce a dakata saboda suga bai daidaita ba ko zuciya na buƙatar bincike. Na biyun nan aikinsa yake yi, kuma duk likitan kirki da ka koma wurinsa abin da zai faɗa maka ke nan.

Game da lokaci, gwargwadon yadda ka yi sauyin da wuri, gwargwadon sauƙinsa. Hukumar lafiya ta Faransa, wadda likitocinmu da yawa suka saba da ƙa'idojinta, ta tsara a 2009 cewa a yi tiyatar bayan an bi mutum da abinci, motsa jiki da magani na tsawon wata 6 zuwa 12 ba a samu biyan buƙata ba. Idan cibiyar da za ta yi maka aiki tana neman shaidar wannan bibiya, to watannin da ka yi da tsohon likita ba su ɓace ba muddin suna rubuce da kwanan wata da nauyin da aka auna. Idan ba a rubuce suke ba, ana iya cewa ka sake daga farko. A ganina, wanda ya rage masa ƙasa da wata guda kafin tafiya, gara ya haƙura da tsohon likitan har ya dawo, sai fa idan babu shi a gari. In hakan ta faru, ɗage ranar aiki da ƴan makonni ya fi tafiya babu wanda zai karɓe ka idan ka dawo.

Mataki na biyu, nemo sabon likita tun kafin ka yi sallama da tsohon, domin kada ka saki na hannu ka kama na guje. Ba dole ba ne ya zama ƙwararre a fannin ƙiba. Likitan gama-gari ko na cututtukan cikin jiki da ya saba bin masu suga da hawan jini ya isa, ko a babban asibitin jiha yake, ko a asibitin Referans, ko a kilinik mai zaman kansa. Ka biya kuɗin ganin likita sau ɗaya don tattaunawa kawai, ka tambaye shi cikin ladabi ko ya taɓa bin wanda aka yi wa irin wannan aiki, ko zai yarda ya yi magana da likitan tiyata ta WhatsApp ko wasiƙa, ko yana sa ran zama a Maraɗi nan da shekara ɗaya ko biyu, da kuma wanda ke riƙe masa marasa lafiya idan ya yi tafiya. Wanda ya ce bai taɓa bin irinka ba amma zai karanta ya tuntuɓi abokan aikinsa, ya fi wanda ya amsa komai da "ba matsala" tun ba ka gama magana ba.

Akwai abubuwa biyu da idonka zai gaya maka a wannan ziyara. Na farko shi ne sikeli, domin ƙananan sikelin da ake ajiyewa a ƙasa da yawa suna tsayawa a kilo 120 ko 150, kuma bin nauyi ba ya yiwuwa idan kowane wata a wani sikeli daban ake hawa. Na biyu shi ne ɗamarar awon hawan jini. Idan damtsen mutum mai kauri ne aka naɗa masa ƙaramar ɗamara, har manninta yana ɓallewa ana tsakiyar hurawa, lambar da za ta fito takan fi ta gaskiya, kuma a kan wannan lamba ake ƙara wa mutane maganin da ba su buƙata. Ka tambaya ko akwai babbar ɗamara. Idan babu, sayen taka a farmasi ka riƙa zuwa da ita ba asara ba ne.

Mataki na uku shi ne tattara takardu, kuma a nan ne yawancin aikin yake. A tsarinmu tarihin lafiyar mutum yana hannunsa ne, cikin karne da takardun gwaji da ordonansi, wato takardun da likita ke rubuta magani a kai, waɗanda galibi ke cikin leda a ƙasan akwati. Ka fito da su duka, har tsofaffin karnen da suka cika, ka jera su bisa kwanan wata, mafi sabo a sama. Ka ware sakamakon gwajin jini wuri ɗaya, hotunan eko da na ƙirji wuri ɗaya, ordonansi wuri ɗaya, sannan takardun duk wata kwanciya a asibiti ko aikin da aka taɓa yi maka, har da aikin haihuwa ko na kaba, domin likitan tiyata yana son sanin ko an taɓa buɗe cikin. Ka yi fotokofi biyu na komai, ka kuma ɗauki hoton kowace takarda da salula a wuri mai haske, ka tura wa wani amintacce a gida don kada wayar ta ɓata da su. Wata ƴar'uwata ta kai wa sabon likitanta takardar awon bugun zuciya da aka yi mata wata huɗu kafin nan, da aka buɗe sai ga takarda fara fat, zafin ɗaki ya shanye zanen, dole aka sake awon aka sake biya. Irin takardar nan mai santsi da inji ke fitarwa ba ta jure zafinmu, don haka ranar da aka ba ka ita, ranar za ka yi mata fotokofi.

Daga nan sai ka rubuta shafi guda da hannunka, ko wani ya rubuta maka da Faransanci: shekarunka, tsayinka, nauyinka na yanzu da mafi yawan da ka taɓa kaiwa, cututtukan da kake da su da shekarar da aka gano kowanne, magungunan da ba sa karɓarka, da hanyoyin rage ƙiba da ka gwada. Ka haɗa da ma'aunin ƙiba da takardun Faransanci ke kira IMC, na Ingilishi kuma BMI, wanda ake samu idan an raba nauyi da tsayi sau tsayi. Mai kilo 118 da tsayin mita 1,65 ma'auninsa ya kai kusan 43. Tsohuwar ƙa'idar da aka fitar a Amurka a 1991 ta ce a yi tiyata daga 40, ko daga 35 idan akwai cuta irin suga ko hawan jini. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni sun sauko da ita zuwa 35 ko babu wata cuta, da 30 ga mai ciwon suga da makamantansa. Cibiyoyi ba su daidaita a kan wadda suke bi ba, saboda haka ka tambayi taka, ka sanar da sabon likita.

Mataki na huɗu, ka koma wurin tsohon likita ka yi sallama ta mutunci. Mutane da yawa kunya ke sa su ɓace kawai, alhali Maraɗi ba ta da girman da za ka guje wa mutum har abada, kuma wata rana kana iya zuwa da gaggawa cikin dare ka tarar shi ke bakin aiki. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Ya isa ka ce, "Likita, na gode da ɗawainiyar da ka yi da ni. Zan ci gaba da bibiya a wurin wani abokin aikinka saboda shirin tiyata, ina roƙon ka rubuta mini taƙaitaccen bayanin lafiyata." Wasiƙar ta ƙunshi cututtuka, magunguna da adadinsu, nauyin da aka riƙa aunawa da kwanan wata, da sa hannu da hatimi. Ka kuma roƙi ordonansin da zai kai ka wata ɗaya ko biyu, domin kada maganin suga ko na hawan jini ya yanke tsakanin likita da likita. Idan ya riga ya bar gari, ka nemi lambarsa a wurin ma'aikatan sashen da ya yi aiki, ko ka roƙi shugaban sashen ya fitar maka da abin da ke cikin rajista.

Mataki na biyar shi ne zama na farko na sosai da sabon likita. Ka je da dukkan abin da kake sha a cikin kwalayensa, kada ka dogara da haddar suna ko cewa "fara ce ƙarama". Ka zuba komai a kan teburinsa: na farmasi, na mai tebur, jiƙo, garin magani, shayin rage tumbi da ake tallatawa a Facebook, har da man shafawa. Wannan ba wurin jin nauyi ba ne. Wadda ta taɓa shan ƙwayoyin ƙara jiki da ake kira sha-ka-fashe, ko ta daɗe tana shafa man ƙara hasken fata, ta faɗa, domin da yawansu suna ɗauke da sinadarin kortizon, wanda ke tayar da suga da hawan jini, yana hana rauni warkewa, kuma yanke shi farat ɗaya gab da tiyata yana da haɗari. Mai shan tramol ya faɗa, domin mai ba da maganin barci a ɗakin tiyata yana buƙatar sani. Mai shan taba ko shisha ya faɗa, saboda ana son ya daina aƙalla mako 6 kafin aiki. Haka kuma diklofenak da ibufurofen da ake saye don ciwon gwiwa da baya, waɗanda masu ƙiba ke yawan sha, suna jawo gyambo a sabon tumbi, musamman bayan baifas, ɗaya daga cikin nau'o'in tiyatar rage ƙiba, don haka tun yanzu za a fara neman madadinsu.

Ka roƙi likita ya rubuta jerin magungunan da sunansu na asali, ba sunan kamfani kaɗai ba. Misali, maganin suga na Glucophage da kake saye a nan sunansa na asali metformin, kuma da wannan sunan za a gane shi a Istanbul ko a Delhi.

Mataki na shida, ku zauna da jerin gwaje-gwajen da cibiyar tiyata ta turo, ku ga wanda aka riga aka yi, da wanda ya tsufa, da wanda ba a taɓa yi ba. Kada ka bari a sake komai daga farko don kawai likita sabo ne, kuma kada ka nace a kan takardar bara. Galibi ana neman ƙidayar jini, aikin ƙoda da na hanta, kitsen jini, aikin tayirod, ƙarfen jini, bitamin B12 da D, awon bugun zuciya, da ekon ciki don duba kitsen hanta da tsakuwa a matsarmama. Mai ciwon suga za a yi masa HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, shi ya sa kiyaye abinci na mako guda kafin gwaji ba ya ruɗin sa. Cibiyoyi da yawa suna son a zura siririn tiyo mai kyamara ta baki a duba tumbi, a kuma nemi ƙwayar cutar Helikobakta. Idan an same ta, maganinta yana ɗaukar kwana 10 zuwa 14, sannan a jira aƙalla mako 4 kafin a tabbatar ta mutu, kuma wannan kaɗai ya isa ya motsa ranar tafiya. A yankinmu ya dace a ƙara da gwajin ciwon hanta na B da na sikila, ko da ba su cikin jerin da aka turo daga waje. Idan iyalinka suna cewa kana minshari mai ƙarfi har numfashi yana ɗaukewa cikin barci, ka gaya wa likitocin biyu. Gwajin da ba a samu a Maraɗi ba, likita zai faɗa maka ko a Yamai za a yi shi, ko a tura jini, ko a bar shi sai an isa cibiyar.

Mataki na bakwai shi ne haɗa likitocin biyu, kuma kai ne za ka yi wannan aiki, babu wanda zai yi maka. Ka ba cibiyar tiyata sunan sabon likita da lambarsa, ka sanar da su cewa na da ba shi ke binka ba, domin kada su ci gaba da tura saƙo inda babu mai amsawa. Ka nemi a rubuta, ba a faɗa da baki ba, wane magani za a dakatar, yaushe, kuma wa ya yanke shawarar. Magunguna masu tsinka jini, insulin, maganin suga na gilibenkilamid da ƙwayoyin tazarar haihuwa masu estirojin, waɗanda akan dakatar kimanin wata guda kafin aiki saboda haɗarin daskarewar jini, duk suna cikin abin da ba a taɓawa da ka. Yawancin cibiyoyi suna sa mutum cin abinci mai ƙarancin kuzari na kimanin mako 2 kafin aiki don hanta ta ragu, kuma a waɗannan kwanaki mai shan insulin ko gilibenkilamid sugansa na iya faɗuwa ƙasa sosai idan ba a rage adadin ba. Likitan gida ne zai bi wannan, shi ya sa ya kamata ya san ranar farawa. Ya kuma san irin aikin da za a yi, ko silif, wanda ake cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, ko baifas, wanda ake barin ƴar jaka kamar girman ƙwai a haɗa ta da hanji, domin bibiyarsu da ƙarancin bitamin da ke biyo baya ba ɗaya ba ne.

Ku kuma dubi kalanda tare. Bayan aiki mutum ba ya iya kwankwaɗar ruwa, sai kurɓi kaɗan-kaɗan har ya kai kimanin lita ɗaya da rabi a yini, kuma wanda ya dawo Maraɗi a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, zai sha wahalar cika wannan. Lokacin sanyi ya fi sauƙi. Azumi ma a saka shi a lissafi, domin likitoci da yawa suna hana azumi a watannin farko bayan aiki, wasu har shekara, kuma gara a tambayi likita da malami tun kafin a sa rana. Mace ta san cewa ana son a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18 bayan tiyata, alhali haihuwa takan buɗe da zarar nauyi ya fara sauka, ko ga wadda ta daɗe tana nema. Wannan magana a yi ta da maigida a gaban likita, a zaɓi hanyar tazara da ta dace, saboda bayan baifas ƙwayar haɗiya ba abin dogaro ba ce.

Mataki na ƙarshe, kafin ka hau mota ka tsayar da ranar da sabon likita zai gan ka bayan dawowa, cikin makon farko, sannan ku shata gwajin jini a wata na 3, na 6 da na 12, daga nan kuma kowace shekara. Ku yi magana a kan hanyar dawowa, domin bayan jirgi akwai fiye da kilomita 600 daga Yamai zuwa Maraɗi, kuma doguwar zama bayan tiyata tana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa. Ka tambayi likitan tiyata kwana nawa za ka jira kafin tafiya, da tsawon lokacin da za ka ci gaba da allurar tsinka jini. Kada ka bar cibiyar sai da rahoton aikin a rubuce, da Faransanci idan zai yiwu, tare da jerin magunguna, tsarin abinci, da lambar da likitanka zai kira kai tsaye. Ka sayo bitamin na wata uku zuwa shida, ka nuna wa likitan gida kwalayen don ya duba abin da ake samu a farmasin Maraɗi idan sun ƙare.

Ku amince kuma a kan alamomin da ba a jira da su gari ya waye: bugun zuciya da ya wuce 120 a minti kana zaune, zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani ko ciwon kafaɗar hagu, ƙarancin numfashi, kumburin ƙafa ɗaya, baƙin bayan gida, ko amai da ya ƙi tsayawa, wanda cikin ƴan makonni yana iya ƙarar da bitamin B1 ya taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. A nan duk zazzaɓi mun saba ɗaukarsa na sauro ne, amma a makonnin farko bayan wannan aiki, ko gwajin zazzaɓin sauro ya nuna akwai, dole likita ya tabbatar cewa ɗinkin tumbi ba ya yoyo. Ka rubuta waɗannan alamomi da lambar likita da sunan asibitin da za a kai ka a takarda ɗaya, ka ba wanda zai yi jinyarka a gida kwafi, ka saka ɗaya a cikin sabon karnenka.